Ciyawar ado a gida: yadda ake tsara bututun feshin ruwa

A sababbin gidaje na birnin Katsina, mutane sun fara shuka ciyawar ado a tsakar gida. Ga tambayoyin da aka fi yi mini kan na'urar feshin ruwa.

Da me zan fara?

Da ruwanka, tun kafin ka sayi bututu ko ɗaya. Ɗauki jarka mai lita 20, ka tara ta a famfon da za ka jawo ruwa daga shi, ka duba agogo. In ta cika a minti ɗaya, lita 20 kake da ita a minti, kuma tsarinka ba zai wuce wannan ba. Sai ka auna filin, ka zana shi a takarda har da katanga da bishiyoyi.

Tankin sama kaɗai zai isa?

Da wuya, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Tsayin mita 10 ke ba da ƙarfin ruwa bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa), alhali yawancin kawunan feshi suna son bar 2 zuwa 3. Tankin da ke bisa mita 5 rabin bar kawai yake bayarwa. Na ga gidan da aka binne bututu aka gama, aka kunna, sai ruwa ya riƙa tsiyaya a gindin kowane kai kamar buta ta huje. Saka ƙaramin injin tura ruwa bayan tanki, da matatar ruwa a bakinsa, domin ruwan burtsatse kan zo da yashi ya toshe ƙofofin feshi.

A ina zan kafa kawunan?

Fara da kusurwoyi, da mai feshin kwata da'ira. Bi gefe da mai rabin da'ira, tsakiya kuma mai cikakkiya, in filin na da faɗi. Ƙa'idar da ba na sassautawa: ruwan kowane kai ya kai gindin na kusa da shi. In yana jifa mita 4, tazarar ta zama mita 4. Iskar hunturu tana karkatar da feshi, don haka gara ma ka ɗan matso da su. Kada feshi ya daki katanga, zai ci fenti da yaɓe.

In ruwan bai ishe su duka ba fa?

Raba filin kashi-kashi, kowane da makullinsa, ka riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Mangwaro da gwaiba a ja musu nasu layin na ɗigo.

Ruwa nawa ciyawar za ta sha?

Wannan ya kamata a yi lissafinsa tun kafin shuka. A bazara, Maris zuwa Mayu, murabba'in mita ɗaya kan buƙaci lita 5 zuwa 6 a rana. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi ke nan zai sha lita 500 zuwa 600 kullum. In rijiyarka na ja baya a wannan lokacin, rage filin, ka bar inuwar bedi ta rufe sauran. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, saboda haka a ba ta ruwa da asuba kafin rana ta ɗaga. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, rufe makullin sai in an yi fari.