Shafukan Sada Zumunta: Zumunci da Hulɗar Aiki

Shafukan sada zumunta dandali ne na intanet inda mutum ke buɗe shafin kansa, ya sa suna da hoto da ɗan bayani, sannan ya ƙulla shi da shafukan wasu mutane. Abin da ya bambanta su da imel ko saƙon waya shi ne, jerin abokan hulɗar mutum galibi a fili yake. Wanda ya leƙa shafinka zai ga su wa ka sani, ya bi ta kansu ya isa ga waɗanda su ma suka sani. Wannan siffar tana cikin ginshiƙan ma'anar da masu bincike danah boyd da Nicole Ellison suka bayar a 2007.

Tarihi

Ana yawan ɗaukar SixDegrees, wanda aka buɗe a Amurka a 1997, a matsayin na farko mai wannan tsari. Bai yi tsawon rai ba, domin a lokacin masu intanet kaɗan ne, mutum kan yi rajista ya tarar ba kowa nasa a ciki. Friendster da MySpace sun biyo baya, suka yi tashe suka dusashe. LinkedIn ya fara aiki a watan Mayun 2003, kuma tun farko ma'aikata da masu ɗaukar aiki ya nufa. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2. Facebook kuwa a 2004 ya fara, tsakanin ɗaliban Jami'ar Harvard, aka buɗe shi ga kowa a 2006, masu amfani da shi a wata suka kai biliyan ɗaya a 2012. A 2012 ɗin ne kuma ya sayi Instagram, a 2014 ya ƙara da WhatsApp. Twitter, wanda aka kafa a 2006, ya koma X a 2023.

Tsarin ƙulla alaƙa iri biyu ne. A Facebook da LinkedIn sai ɗayan ya amince kafin ku zama abokan hulɗa, a X da Instagram kuwa kana iya bin mutum ba tare da ya bi ka ba, sai dai idan ya kulle shafinsa.

Zumunci

A ɓangaren zumunci, babban aikin waɗannan shafuka shi ne riƙe alaƙar da aka riga aka ƙulla a zahiri: dangin da suka yi nisa, abokan karatu da aka rabu da su, maƙwabtan da suka tashi. Labarin haihuwa ko aure ko rasuwa yakan isa ga mutane ɗari a lokaci guda. Sai dai yawan suna a jeri ba ya nufin yawan aminai. Facebook ya ƙayyade abokai 5,000 ga shafin mutum ɗaya, alhali masanin Birtaniya Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa alaƙar da ɗan Adam ke iya riƙewa da gaske ba ta wuce kimanin mutum 150 ba. Akwai masu jayayya da wannan adadi, amma ba mai cewa mutum zai iya lura da halin da mutum dubu biyar ke ciki.

Hulɗar aiki

Nan ne amfanin shafukan ya fi fitowa, kuma dalilin ya girmi intanet ɗin kanta. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa nazarin da ya nuna cewa labarin gurbin aiki yakan fi zuwa daga mutumin da aka yi wa sanin shanu, ba daga amini ba. Amininka yana yawo inda kake yawo, abin da ya ji kai ma ka ji. Tsohon abokin aikin da kuka shekara biyar ba ku gaisa ba kuwa, yana cikin wasu mutane dabam, yana jin abin da ba zai taɓa zuwa kunnenka ba. A da irin wannan alaƙa takan mutu da kanta idan an canza gari ko wurin aiki. Yanzu shafin ne ke ajiye ta ba tare da wata ɗawainiya ba.

A 2022 mujallar Science ta buga sakamakon gwajin da aka yi a LinkedIn kan mutane kusan miliyan 20 cikin shekara biyar, ta hanyar sauya irin mutanen da shafin ke ba su shawarar ƙulla hulɗa da su. Sakamakon ya goyi bayan Granovetter, amma da gyara: alaƙa mai matsakaicin rauni ce ta fi kai mutum ga sabon aiki, wato wanda kuke da 'yan abokai kaɗan na tarayya da shi, ba baƙon da ba abin da ya haɗa ku ba. Saboda haka aika wa duk wanda aka gani buƙatar hulɗa, kamar yadda wasu ke yi, ƙara tsawon jeri ne kawai. An kuma soki gwajin saboda waɗanda aka yi shi a kansu ba su san ana yi ba.

Ba LinkedIn kaɗai ba ne. Masu zane da ɗaukar hoto na baje kolin aikinsu a Instagram, 'yan jarida da masu bincike sun daɗe suna haɗuwa a X, ƙananan 'yan kasuwa na samun masu saye ta zaurukan Facebook da WhatsApp.

Matsalar cakuɗuwa

A rayuwar yau da kullum mutum ba ya magana da shugabansa na ofis yadda yake yi da abokin wasansa. A shafi kuwa, rubutu ɗaya ne ke zuwa gaban uwa da aboki da shugaba da wanda zai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki baɗi. Alice Marwick da danah boyd sun yi nazarin wannan cakuɗuwar masu sauraro a 2011. Barkwancin da abokai suka fahimta yana iya zama dalilin kora, kuma goge shi ba ya magani idan wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Shi ya sa da yawa ke raba shafin aiki da na gida, ko su taƙaita masu ganin kowane rubutu.

Sirri da damfara

Akasarin shafukan kyauta ne domin da talla suke samun kuɗi, tallan kuma da bayanan masu amfani ake saita shi. A 2018 ta bayyana cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane da za su iya kai miliyan 87 daga Facebook, abin da ya jawo wa Facebook tarar dala biliyan 5 daga hukumar kula da cinikayya ta Amurka a 2019. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018.

'Yan damfara ma sun san darajar amana. Sukan kwaikwayi shafin wani su roƙi danginsa kuɗi, ko su tallata aikin bogi su nemi a biya kuɗin rajista. Tabbatar da shiga ta mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, yana rage satar shafi, kiran mutum ta wata hanya dabam kafin tura masa kuɗi kuma yana tona asirin mai kwaikwayo.