Makomar marasa bi bayan mutuwa a koyarwar Kirista

A bakin Kiristocin ƙasar Hausa, "marasa bi" su ne waɗanda ba su ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba. Abin da zai same su bayan mutuwa tsohuwar mas'ala ce da malaman tauhidi na Kirista suke saɓani a kanta tun ƙarni na biyu. Kusan dukkan ɗariku sun haɗu a kan cewa duk wanda ya sami ceto, ta wurin Almasihu ya same shi. Inda aka rabu wuri uku ne: ko dole sai mutum ya ji bishara ya gaskata da saninsa, ko mutuwa tana rufe ƙofar tuba, sannan wane irin hukunci ne kuma ko yana da iyaka. Yawancin gardamar da ake yi tana rikicewa ne saboda an cakuɗa waɗannan tambayoyi, an kuma zuba mutane daban-daban a kwando ɗaya. Wanda ya ji ya ƙi, da wanda bai taɓa ji ba, da jaririn da ya mutu a goye, duk "marasa bi" ne a suna, amma malamai ƙalilan ne suke yi musu hukunci iri ɗaya.

Ayoyin da ake kafa hujja da su

Masu cewa sai an gaskata da sani suna riƙe da Yohanna 14:6, inda Yesu ya ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa, da Ayyukan Manzanni 4:12, da Romawa 10:14, inda Bulus ya tambaya yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba. Ibraniyawa 9:27 kuma, wadda ta ce mutum sau ɗaya yake mutuwa sai shari'a, ita ce babbar hujjar cewa babu tuba a kabari.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ayoyin nan. Cewa yake sun nuna wanda ke yin ceton, ba su ƙayyade yawan sanin da mutum zai yi ba. Sai ya kawo Romawa 2:14-16, kan al'ummai marasa Shari'ar Musa da lamirinsu ke shaida a kansu, da labarin tumaki da awaki a Matiyu 25, inda waɗanda aka karɓa suka yi mamaki don ba su san Almasihu suka ciyar ba. Luka 12:47-48 ta bambanta bawan da ya san nufin maigidansa da wanda bai sani ba: na farko dukansa ya fi yawa. Masu karatun Musulunci za su ga kamar mas'alar ahlul fatra, mutanen da manzo bai zo musu ba, ko da yake tushen amsar ya bambanta.

Yadda matsayin Katolika ya samu

Maganar nan "babu ceto a wajen ikkilisiya" ta samo asali daga Siprian, bishop na Kartej a Arewacin Afirka, wanda aka kashe a 258. Abin lura, da Kiristocin da suka ɓalle daga ikkilisiya yake, ba da mutanen da bishara ba ta kai gare su ba. Daga baya aka faɗaɗa ta. Majalisar Lateran ta huɗu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta nanata ta a 1215, Majalisar Florence kuma a 1442 ta ambaci arna da Yahudawa da 'yan bidi'a da masu ɓallewa, ta ce ba su da rabo a rai madawwami sai sun shiga ikkilisiya kafin mutuwa.

Bayan 1492 Turawa suka gano nahiyar da ke cike da mutanen da ba su taɓa jin sunan Yesu ba, abin ya tilasta wa malamai sake tunani. Aka ƙarfafa koyarwa biyu: jahilcin da ba laifin mutum ba ne, da "baftisma ta marmari", wato mutumin da zuciyarsa ke neman yin nufin Allah, wanda da ya san gaskiya da ya karɓa. A 1949 Fadar Paparoma ta rubuta wa babban bishop na Boston a Amurka tana ƙin fassarar Fada Leonard Feeney, mai cewa duk wanda ba a yi wa baftismar ruwa cikin Katolika ba, hallaka zai yi. An kori Feeney daga ikkilisiya a 1953 bisa ƙin amsa kiran Roma.

Majalisar Vatican ta biyu ta zayyana matsayin da ake kai yau, a sashe na 16 na takardarta kan ikkilisiya, ta Nuwamba 1964. Ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto. Ta ambaci Musulmi da suna, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai wanda zai yi wa mutane shari'a a ranar ƙarshe. Ana yawan karanta wannan sashe rabi. "Zai iya" aka ce, ba "zai samu" ba, kuma sashe na 14 ya ce wanda ya san ikkilisiya wajibi ce ya ƙi shiga ba zai tsira ba. Game da jarirai marasa baftisma, Augustine, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ce suna cikin hukunci mafi sauƙi, malaman tsakiyar zamani suka kawo zancen limbo, wato wurin da babu azabar wuta amma ba a ganin Allah, Katekizim na 1992 kuma, littafin koyarwar Katolika, ya bar su ga jinƙan Allah.

Furotesta da Otodoks

Furotesta ba su da murya ɗaya. Shaidar bangaskiya ta Westminster, ta 1646, wadda Firesbiteriya ke bi, ta ce wanda ba Kirista ba ba zai tsira ba komai ƙoƙarinsa na bin hasken halitta ko dokar addininsa, amma ta buɗe ƙofa ga zaɓaɓɓun jarirai da waɗanda ba sa iya jin wa'azi. Yarjejeniyar Lausanne ta 1974, ta babban taron Furotesta masu bishara, ta ce sanin Allah ta wurin halitta ba ya ceto. Mabiya John Wesley kuwa, wanda ya assasa Metodis, suna koyar da alherin da ke riga zuwa ga kowane mutum, don haka da yawansu suna ganin za a yi wa kowa shari'a gwargwadon hasken da ya samu. Wasu tsiraru suna kafa hujja da 1 Bitrus 3:19 da 4:6 cewa akwai jin bishara bayan mutuwa. Otodoks, ikkilisiyoyin Gabas, sun fi kame baki a kan makomar wani takamaiman mutum.

Shi hukuncin kansa

Kalmomin asali uku ne fassara takan haɗe su. Sheol ta Ibrananci da Hades ta Helenanci wurin matattu ne. Gehenna, wadda take da tushe ɗaya da "Jahannama", sunan Kwarin Hinnom ne a kudancin Urushalima. Ta zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu.

Ra'ayin mafi rinjaye shi ne azaba ta har abada wadda mutum ke ji. Hujjar Augustine tana da ƙarfi: a Matiyu 25:46 kalma ɗaya ce ta siffanta rai da hukunci, to idan ɗaya ya ƙare, ɗayan ma zai ƙare. Ra'ayi na biyu ya ce marasa bi za su hallaka su shuɗe gaba ɗaya, bisa Matiyu 10:28 da Romawa 6:23; nan Adventis da Shaidun Jehobah suka tsaya, kuma John Stott, malamin Anglikan, ya karkata gare shi a 1988. Na uku ya ce wutar ta tsarkakewa ce, a ƙarshe kowa zai koma ga Allah. Origen na Iskandariya da Gregory na Nisa sun koyar da irin wannan, an kuma la'anci koyarwar Origen a Kustantiniya a 543. Kada a ɗauki wurin tsarkakewa na Katolika a matsayin dama ta biyu: na waɗanda suka riga suka mutu cikin alheri ne.

Tambayar kakanni

A Afirka mas'alar ta shigo cikin gida, domin 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Najeriya ne a 1893, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma sai 1932. Sabon mai bi ya san sunan kakansa da ya mutu kafin nan. John Mbiti na Kenya da Kwame Bediako na Gana sun ɗauki addinin gargajiya a matsayin share fage ga bishara, cewa Allah bai bar kakanni babu shaida ba. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya yi babban sakataren ECWA, ya ƙalubalanci Mbiti da Bolaji Idowu, malamin tauhidi ɗan Najeriya, a littafinsa na 1975. Ya yi misali da mutanensa Jaba: sun san akwai Mahalicci, amma a ganinsa wannan sani bai ba su hanyar gafarar zunubi ba, kuma ya ji tsoron koyarwar cewa kowa zai tsira za ta kashe aikin bishara. Kato ya rasu a Mombasa a Disamba 1975, yana da shekara 39.