Waiwaye: Yadda awon gas ya shiga aikin masu rubuta kwangilolin Ethereum

A kan Ethereum, hanyar sadarwar kwamfutoci da ke ɗauke da kuɗin intanet da shirye-shiryen da ake kira kwangiloli, babu aikin da yake kyauta. Duk umarnin da kwangila mai zartar da kanta za ta aiwatar yana da farashi da ake ƙirgawa da gas, tsarin da Gavin Wood ya fayyace a 2014, kafin a ƙaddamar da hanyar sadarwar ranar 30 ga Yulin 2015. Tura kuɗi kawai yana cin gas 21,000. Rubuta sabon bayani a ma'ajiyar kwangila kuwa 20,000 ne. An yi haka ne don kada wani ya saki shirin da ba ya tsayawa ya riƙe kwamfutocin kowa.

Da fari masu rubuta kwangiloli ba su cika damuwa da awo ba. Remix, manhajar rubuta kwangiloli, na nuna ƙiyasi, ana iya tambayar kwamfutar da ke kan hanyar ta yi kirdado, shi ke nan.

Sai aka shiga Satumbar 2016. Maharan da suka gano cewa wasu umarni sun yi arha fiye da wahalar da suke jawo wa kwamfuta suka yi ta kiransu ba ƙaƙƙautawa, har hanyar ta koma tafiyar hawainiya. Gyaran da aka yi a Oktoba ya ɗaga farashin karanta bayani daga ma'ajiya daga 50 zuwa 200. A Disambar 2019, da gyaran Istanbul, ya koma 800, kuma wasu kwangilolin da aka gina bisa zaton gas 2,300 zai ishe su karɓar kuɗi suka shiga matsala. Gyaran Berlin na Afrilun 2021 ya sake dagula lissafin: karatun farko 2,100, sake karanta wannan bayanin a cikin mu'amala guda 100 kacal. A ganina nan ne awon ya daina zama abin da ake yi da ka, domin layi ɗaya na shiri na iya cin kuɗi iri biyu gwargwadon abin da ya gabace shi.

Kayan aiki suka biyo bayan matsalar. Masu amfani da Truffle da Ganache, manhajojin ginawa da gwada kwangiloli, sun riƙa ɗora ƙaramin shirin eth-gas-reporter a kan gwaje-gwajensu, ya fitar musu da jadawalin mafi ƙaranci, mafi yawa da matsakaicin gas na kowane aiki. Hardhat, wata manhajar irin wannan aiki, ita ma ta samu irinsa. Foundry, wani kayan aikin da kamfanin Paradigm ya fitar a ƙarshen 2021, ya zo da dabarar da ta fi burge ni: yana adana alƙaluman a fayil, duk wanda ya taɓa shirin sai a ga ƙaruwa ko raguwar tun kafin a amince da gyaransa. ConsenSys, kamfanin da ke kula da Truffle da Ganache, ya sanar da dakatar da su a 2023.

Amma fa jadawalin abin da aka gwada kaɗai yake nunawa. Kwangilar da ke zagaya jerin mutum 5 a gwaji na iya tarar da 5,000 a zahiri, ta zarce iyakar gas ɗin bulo, wato ƙunshin mu'amalolin da ake tabbatarwa a lokaci guda, ta kasa gudana kwata-kwata. Tun gyaran Dencun na Maris 2024 kuma, bayanan da hanyoyin mataki na biyu, waɗanda aka gina a kan Ethereum don rage masa nauyi, ke aika masa suna da nasu farashin daban, wanda ba ya cikin gas ɗin aiwatarwa da aka saba aunawa.