Waiwaye: abin da jinin masu ba da gudummawa ya faɗa game da korona

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Yamai. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da masallatai, ta sa dokar hana fitar dare a birnin. Awon da ake yi a lokacin na tsinken auduga ne da ake zurawa a hanci, a kai cibiyar binciken lafiya ta CERMES ta duba. Wanda ya je awon kuwa, ko dai jiki ya tsananta, ko matafiyi ne mai neman takardar hawa jirgi. Har annobar ta lafa, waɗanda aka rubuta sun kamu a Nijar ba su wuce dubu 10 ba, mamata 300 da ɗoriya. Shi ya sa da yawa a fada da kasuwa suka yanke cewa cutar ba ta shigo mana sosai ba.

Masu bincike a wasu ƙasashe sun bi ta wata hanyar. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, bayan mako biyu zuwa uku yakan samar da sinadaran garkuwa da ke zama cikin jini tsawon watanni, ko da mutum bai yi tari ko sau ɗaya ba. Su kuma cibiyoyin ƙarin jini, irin CNTS ta Yamai, dama duk ledar da aka ɗiba sai an ware ɗan kaɗan a kwalba don awon sida, ciwon hanta da tunjere. Ragowar da ke cikin kwalbar nan ta isa a nemi sawun korona, ba tare da an sake tsira wa kowa allura ba.

Kenya ce ta yi fice a Afirka. Tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Yuni 2020 an auna jinin masu bayarwa sama da 3,000, aka samu kashi 4.3 cikin 100 sun riga sun kamu, a Mombasa kashi 8. Farkon 2021 adadin ya kusa rabi. A Afirka ta Kudu, lardin Eastern Cape ya nuna kashi 63 a Janairun 2021. A Afrilun 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen nahiyar sun kamu, ninki 97 na abin da aka rubuta. Da wuya a ce Yamai, da cunkoson Babbar Kasuwa da motocin da ke shigowa daga Kwatano da Wagadugu a wancan lokacin, ta tsira daga wannan.

Sai dai darasin Manaus, a Brazil, ya fi damuna. Jinin masu bayarwa ya nuna kusan kashi 76 sun kamu zuwa Oktoban 2020, wasu suka ɗauka birnin ya haye. A Janairun 2021 wani sabon nau'in cutar ya taso, iskar numfashi ta ƙare a asibitoci, mutane suka mutu a kan gado. Samun sinadarin a jini shaida ce ta cewa an haɗu da cutar, ba tabbacin ba za a sake kamuwa ba.

A wajenmu awon yana da nasa gurgunta. Mai ba da jini baligi ne, lafiyayye, mai nauyin kilo 50 ko fiye, galibi namiji ɗan birni, sau da yawa ɗan'uwan mai haihuwa ko na yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini. Kusan rabin 'yan Nijar kuwa ba su kai shekara 15 ba, tsofaffin da cutar ta fi kashewa ma ba a ɗibar jininsu. Zazzaɓin cizon sauron kansa ya ruɗi wasu kayan awo na farko, suka nuna korona inda babu. Sannan rigakafin Sinopharm da aka fara yi a ƙarshen Maris 2021 daga matacciyar ƙwayar cutar gaba ɗaya aka haɗa shi, don haka sawunsa a jini yana kama da na wanda ya kamu.

OMS ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Duk da gurguntar, ina ganin ya kamata a riƙa adana waɗannan 'yan kwalaben a firiza, da wata da unguwar da aka ɗibe su, a Yamai da Tawa da Maradi. Kenya ta iya ba da amsa cikin 'yan watanni ne saboda cibiyar binciken KEMRI da hukumar ƙarin jinin ƙasar sun haɗa hannu tun annobar na ɗanya.