Masu Farautar Fatalwa: Me Suke Nema, Me Suke Samu?

A Amurka da Birtaniya akwai mutanen da da rana ma'aikata ne kamar kowa, direbobi, ma'aikatan jinya, masu gyaran famfo. Dare na yi sai su ɗauki tocila da kyamara da rakoda su nufi tsohon asibiti ko gidan yarin da aka daɗe da rufewa, su kwana suna jiran matattu su yi musu magana. Mai yawan kallon YouTube ba zai rasa cin karo da bidiyonsu ba: hoto kore-kore, ana ta raɗa, can sai wani ya zabura ya ce, "Kun ji wannan?" Ga amsoshin tambayoyin da mai kallo kan yi.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma wa ya ba su izinin yin wannan aiki?

Babu hukumar da ke ba da lasisin farautar fatalwa, babu jarrabawar da ake ci kafin a fara. Abokai biyar ko shida kan haɗu, su sa wa kansu suna, su buga riguna baƙaƙe, su buɗe shafi a Facebook, shi ke nan ƙungiya ta kafu. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Sharon Hill, ta bi diddigin irin waɗannan ƙungiyoyi a 2010, ta tarar da kusan 1,000 a Amurka kaɗai, da yawansu suna cewa hanyar kimiyya suke bi alhali kaɗan ne cikinsu ke da horon kimiyya. Masu kiransu ma ba su yi kaɗan ba. A wani binciken cibiyar Pew na 2009, kashi 18 cikin 100 na manyan Amurkawa sun ce sun taɓa ganin fatalwa ko sun ji tana kusa da su.

Yawancinsu ba sa karɓar kuɗi daga masu gida. Daga aljihunsu suke sayen kayan aiki. Wasu tarihi ne ya ja su, wasu daɗin tsoro, wasu kuma rashi aka yi musu, suna neman wata alama cewa wanda ya tafi bai ɓace gaba ɗaya ba. Wannan rukuni na ƙarshe bai cancanci a yi masa dariya ba.

Talabijin ne ya kawo abin, ko ya daɗe?

Ya daɗe ƙwarai. A 1848, a ƙauyen Hydesville na jihar New York, wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox, Margaret da Kate, suka ce wani ruhi yana amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Labari ya bazu, zaman kiran ruhohi ya zama ruwan dare a Amurka da Turai. Shekara 40 bayan haka, a 1888, Margaret ta fito gaban jama'a ta nuna yadda take ƙas da gaɓar yatsan ƙafarta don fitar da ƙarar. Daga baya ta janye maganarta, amma mutane sun riga sun gani da idonsu.

A 1882 aka kafa ƙungiyar binciken al'amuran ruhi a Landan, wadda aka fi sani da SPR, shugabanta na farko kuwa Henry Sidgwick ne, malamin falsafa a Jami'ar Kambirij. Waɗannan sun ɗauki abin da gaske, kuma sun tona asirin maƙaryata da dama. Amma wanda ya fi kama da mafarautan yau shi ne Harry Price. A 1937 ya kama hayar gidan limamin coci na Borley a yankin Essex na shekara guda, ya ba da talla a jarida yana neman masu sa kai, ya tara mutum 48 suna kwana a gidan bi da bi suna rubuta abin da suka gani. Gidan ya ƙone a 1939. A 1956 wasu mambobin SPR uku suka sake duba takardunsa, suka kammala cewa hujjojin ba su da ƙarfi, har suka zarge shi da shirya wasu da hannunsa.

Talabijin ya zo ne ya hura wutar. A 2004 aka fara wani shiri a Amurka da ke bin wata ƙungiyar masu farautar fatalwa mai suna TAPS ta jihar Rhode Island, wadda masu gyaran famfo biyu, Jason Hawes da Grant Wilson, ke jagoranta. Mutane suka ga ashe ba sai mai digiri ba. Kusan duk salon da ake gani a yau, kashe fitila, raɗa, na'ura mai walƙiya a hannu, daga irin waɗannan shirye-shirye aka kwaikwaya.

Yaya daren farauta yake?

Akasarinsa jira ne. Ana isa kafin magariba, a zagaya ginin, a kafa kyamarori, a raba mutane ɗaki-ɗaki. Sai a kashe fitilu. Wani ya ajiye rakoda a ƙasa ya ce, "Akwai kowa tare da mu? Faɗa mana sunanka." A yi shiru na ɗan lokaci, a sake wata tambayar. Haka har asuba ta gabato. Bayan an koma gida sai a shafe kwanaki ana sauraron abin da aka naɗa da abin sawa a kunne, ana neman wani ɗan ƙaramin sauti.

Wurare kamar tsohon asibitin tarin fuka na Waverly Hills a Kentucky suna sayar da tikitin kwana ga masu wannan sha'awa, kuɗin kuma yana taimakawa wajen gyaran ginin.

Kashe fitilar nan ita ce abin da na kasa samun hujjarsa. Masu gida da ke ba da labarin ganin wani abu, sau da yawa da rana ko da fitila a kunne suka gan shi. Duhu yana rage abin da ido ke gani, yana ƙara abin da zuciya ke rayawa. Ya dace da kyamara, bai dace da bincike ba.

Na'urorin da suke riƙewa, fatalwa suke aunawa?

A'a. Kowacce tana auna wani abu na zahiri, sai dai ba a taɓa nuna cewa abin yana da alaƙa da matattu ba.

Ɗauki na'urar K-II, mai ƙananan fitilu biyar daga kore zuwa ja. An ƙera ta ne don gano ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga wayoyi da kayan lantarki. Wayar da ke cikin bango tana sa ta walƙiya. Haka wayar salula a aljihu idan saƙo ya shigo, haka rediyon oba-oba da 'yan ƙungiyar ke magana da shi. Kafin a ce walƙiyarta alamar ruhi ce, sai an fara samun ruhin da kowa ya yarda da shi an gwada an ga yana fitar da irin wannan ƙarfi. Ba a taɓa yin haka ba.

Akwai kuma tocilar da ake murɗa kanta har ta tsaya tsakanin kamawa da mutuwa, a ajiye a ce wa ruhi ya kunna. Tana kunna kanta kuwa. Ƙwan ya yi zafi, abin da ke kewaye da shi ya ɗan buɗe, haɗin wuta ya yanke. Ya huce, ya koma, wuta ta dawo. Ko babu kowa a ɗakin haka za ta yi ta yi. Mai tambaya kuwa yana ta jero tambayoyi, dole wata ta zo daidai da lokacin da ta kama, ita ce kuma za a tuna.

Ɗigon haske masu zagaye da ke fitowa a hoto ƙura ce ko ƙwaro ko danshi da ya gitta dab da gilashin kyamara, hasken filasha ya buge shi. Kyamarar da ke zana mutum-mutumin layi a allo kuwa daga na'urar wasan Kinect aka samo ta. Aikinta neman siffar jikin mutum, don haka takan ɗora hannu da ƙafa a kan kujera ko ƙofa.

To muryoyin da ake ji a rakoda fa?

Wannan suke kira EVP, wato muryar da ake cewa ta ruhi ce da na'ura ta naɗa. Ya yi suna ne ta hanyar Friedrich Jürgenson, wani mai zane a Suwidin da ke naɗar kukan tsuntsaye a 1959 ya ce ya ji muryoyin mutane a kaset. Konstantin Raudive ɗan Latbiya ya ɗora a kai ya tara dubbai. A 2002 wani Ba'amurke, Frank Sumption, ya haɗa akwatin da ke tsallake tashoshin rediyo da sauri, ana sauraron guntayen kalmomin da ke faɗowa. Guntayen nan na masu gabatar da shirye-shirye ne da tallace-tallace.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen tsinto magana daga cikin hayaniya, da haka muke jin sunanmu a cikin taro. Amma gwanintar takan wuce gona da iri. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna wa mutum goma sautin, kowa shi kaɗai, kada a faɗa masa komai, ya rubuta abin da ya ji. Yawanci amsoshin ba sa haɗuwa. Da zarar an rubuta kalmar a ƙasan bidiyo kuwa, kowa sai ya ji ta ƙarara.

Ke nan masu cewa sun ga wani abu ƙarya suke yi?

Mafi yawansu gaskiya suke faɗa game da abin da suka ji a jikinsu. Sababin ne ake kuskurewa, kuma a nan ne binciken kirki yake da amfani.

A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani babban tsohon gida. Suka fara jin takun ƙafa da dare, suna jin kamar ana tsaye a kansu, yara suka yi fayau, ciwon kai ya addabi kowa, har tsirran cikin gida suka mutu. Da aka duba sai aka tarar murhun ɗumama gidan ya lalace, yana tura iskar kabon monoksaid cikin ɗakuna. Iskar nan ba ta da launi ba ta da wari, tana rikita tunani, tana kuma kisa. Aka gyara murhu, komai ya tsaya.

Sai labarin Vic Tandy, injiniya ɗan Ingila. Yana aiki shi kaɗai da dare a wani ɗakin gwaji da ma'aikata ke cewa akwai wani abu a ciki, sai gumi mai sanyi ya keto masa, ya hangi wata inuwa toka-toka ta gefen ido. Washegari ya ɗaure siririn takobinsa na wasa a maƙalar tebur zai gyara, sai ya ga tsinin yana rawa shi kaɗai. Ya bi sawu har ya gano wata sabuwar fanka mai zuƙe iska tana fitar da sauti mai kaɗawa kusan sau 19 a sakan, ƙasa da abin da kunne ke iya ji. Aka gyara fankar, ɗakin ya lafa. Ya wallafa wannan a 1998. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna cewa irin wannan sauti yana bayyana kowane gida ba, amma yadda ya bi lamarin abin koyi ne.

Akwai dannau, inda mutum ke farkawa jikinsa bai saki ba, ya ji nauyi a ƙirji, ya ga kamar wani a ɗakin. Akwai kuma abin da aka faɗa wa mutum kafin ya shiga. A 1997 masu bincike biyu, Lange da Houran, suka zagaya da mutum 22 cikin wani gidan wasan kwaikwayo. Rabi aka ce musu akwai fatalwa, rabi aka ce gyara ake yi. Rukunin farko ne suka fi ba da labarin jin abubuwan ban mamaki, alhali gini ɗaya suka shiga.

An taɓa samun hujjar da masana suka karɓa?

Ba a samu ba. Tun 1853 masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya nuna cewa teburin da ke juyawa a zaman kiran ruhohi hannun mahalarta ne ke tura shi ba da saninsu ba. Gidauniyar James Randi, wani mai tona asirin masu iƙirarin abubuwan al'ajabi, ta ajiye dala miliyan 1 ga duk wanda ya nuna wani ƙarfi na ruhi a gwajin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, har aka rufe tayin a 2015 babu wanda ya ci. Imani da gaibu magana ce ta daban, kuma ba a hannun na'ura mai batir take ba. Abin da ake tuhuma a nan shi ne iƙirarin cewa an auna.

Akwai haɗari a ciki?

Akwai. Tsofaffin gine-gine suna da ruɓaɓɓen daɓe da matakala, ga ƙurar asbesto mai lalata huhu. Shiga wuri ba da izini ba laifi ne. A watan Agusta na 2010, wasu mutane suka hau gadar jirgin ƙasa ta Bostian a North Carolina suna jiran fatalwar jirgin da ya yi hatsari a wurin a 1891. Jirgi na gaske ya zo, mutum ɗaya ya rasa ransa. A 2013 wasu da suka shiga tsohon gidan LeBeau a Louisiana neman fatalwa suka cinna masa wuta, ya ƙone ƙurmus.

Cutarwar da ta fi damuna ba ta shiga jarida. Iyali ne a tsorace, wataƙila da yaro da ba ya iya barci, ko dattijuwar da ta fara ruɗewa tana bukatar likita. Baƙi su zo da na'urori su kwana, da safe su ce lalle akwai mugun abu a gidan, su kwashe kayansu su tafi. Su sun samu bidiyo, masu gida kuma su ne za su ci gaba da kwana a ɗakin.

Mai son yin binciken da gaske, ta ina zai fara?

Da rana zai fara, da izinin mai wuri a rubuce. Ya sa a duba iskar gas da murhu da wayoyin lantarki da bututun ruwa, ya leƙa rufi ko akwai ɓera ko jemage. Ya saurari kowane shaida shi kaɗai kafin labaransu su gauraya, ya rubuta lokaci da wurin da abin ke faruwa, ya dawo a daidai wannan lokacin cikin irin wannan yanayin. Ya je ma'ajiyar tarihi ya duba ko mutumin da ake cewa ya mutu a gidan ya taɓa zama a can. Idan 'yan gida suna fama da ciwon kai da jiri da ke sauƙi in sun fita waje, kada a jira dare, a fitar da su a kira masu duba gas.