Asarar magunguna a kiwon lafiya matakin farko a Ingila

Asarar magunguna na nufin maganin da likita ya rubuta, hukuma ta biya kuɗinsa, amma ya ƙare a kwandon shara ko cikin kabad ba tare da an sha ba. A Ingila, binciken da masana daga jami'o'in York da Landan suka fitar a 2010 ya ƙiyasta cewa hukumar lafiya ta NHS na asarar kusan fam miliyan 300 a shekara ta wannan hanya, kuma wajen rabi ana iya kauce masa.

Babbar kafar da kuɗin ke zurarewa ita ce takardar maimaita magani. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma yana karɓar maganinsa wata-wata ba sai ya ga likita ba. Tsari ne mai sauƙaƙa wa jama'a, sai dai mutum kan nemi duk abin da ke kan takardar, har wanda ya daina sha, don tsoron kada a soke masa. Wani an canza masa magani, wani an kwantar da shi asibiti, wani ya rasu, kwalaye kuwa na ta taruwa. Abin takaicin shi ne, da zarar magani ya bar kantin magani, ba a ba wa wani shi, ko da ba a ɓare kwalin ba, domin babu mai tabbacin yadda aka adana shi. Wanda aka mayar ƙona shi ake yi.

Yawanci maras lafiya ba ya jin nauyin a aljihunsa. Kuɗin kowane magani a takarda fam 9.90 ne tun 2024, amma yara, masu juna biyu da masu shekara 60 zuwa sama ba sa biya.

Saboda haka gyaran ya karkata ga alƙalamin likita. Ana rubuta magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani mai tsada, wasu wuraren kuma na kwana 28 kawai ake bayarwa. A 2018 aka shawarci likitoci su rage rubuta irin su farasitamol don ƙananan ciwuka. Bitar da Dokta Keith Ridge, babban jami'in harhaɗa magunguna na Ingila a lokacin, ya jagoranta a 2021 ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 10 cikin 100 na magungunan da ake bayarwa ba a buƙatarsu. Yanzu masana harhaɗa magunguna kan zauna da masu shan magani da yawa, su bi jerin ɗaya bayan ɗaya, su cire wanda amfaninsa ya ƙare.