Ma'anar "rank" a MPI, da dalilin da rubutu ke fitowa a cakuɗe

Duk mai fara koyon MPI, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su aika wa juna saƙo idan sun raba babban lissafi a tsakaninsu, da gaisuwa yake farawa: layi ɗaya na printf, umarnin da ke buga rubutu a allo. Ya tayar da shirin da mpirun -np 4, wato umarnin tayar da shirin MPI, sai gaisuwar ta fito sau huɗu. Ya sa kowace ta faɗi lambarta, ya ga 2, 0, 3, 1. Ya sake tayarwa, jerin ya canza. Nan wasu ke zaton sun ɓata wani abu, alhali komai lafiya lau.

Abin da ya faru shi ne, mpirun bai yanka shirin gida huɗu ba. Kwafi huɗu ya tayar na shiri guda, kowanne da tasa ma'ajiyar, duk suna karanta layuka iri ɗaya. Abin da ke bambanta su lamba ce, ita ake kira rank. Daga 0 take farawa, don haka kwafi huɗu na da 0 zuwa 3, kuma kowanne kan tambayi tasa da MPI_Comm_rank. A Turanci kalmar na nufin muƙami, amma nan babu babba babu yaro. Ta fi kama da lambar rigar ɗan ƙwallo: ana gane shi da ita, ba ta ce shi zai fara taɓa ƙwallo ba. Haka abin yake tun fitowar MPI a 1994.

To, allo ɗaya ne, masu magana huɗu. Rubutun kowa yakan ɗan taru a ma'ajiyar wucin gadi, sannan ya bi ta hannun mpirun kafin ya iso gabanka, wanda ya riga isowa shi ake nunawa. Wani lokaci ma layin wannan ya kutsa tsakiyar na wancan.

Dabarar da sabon shiga ke yi ita ce ya sa MPI_Barrier, wato shingen da ke tsayar da kowane kwafi har sauran su iso, don kowa ya jira a zo kansa. A kwamfutar cinya takan yi aiki, shi ya sa take yaudara. Shingen yana tsayar da shirin ne kawai, ba ya tsayar da rubutun da ya riga ya kama hanya, saboda haka a kan injina da yawa hargitsin na iya dawowa.

Ni dai shawarata, a naɗa kakaki. A tattaro sakamako wurin mai lamba 0 da MPI_Gather ko MPI_Reduce, shi kaɗai ya buga. PETSc, tarin kayan aikin lissafi na ɗakin binciken Argonne da ke kusa da Chicago a Amurka, ya sauƙaƙa wannan: PetscPrintf na buga na mai lamba 0 kaɗai, PetscSynchronizedPrintf kuwa yana jera na kowa bi da bi, muddin ba a manta da PetscSynchronizedFlush a bayansa ba. Idan farautar kuskure ake yi, --tag-output na Open MPI, ɗaya daga cikin manhajojin da ke aiwatar da MPI, yana manna wa kowane layi lambar mai shi.

Sai a kula da abu ɗaya idan shiri ya mutu a tsakiyar aiki. Layin ƙarshe da ka gani a allo ba lallai nan ya tsaya ba, don wasu layukan sun mutu tare da shi a ma'ajiya. Sa fflush(stdout), wanda ke fitar da rubutun da ya taru a ma'ajiya, bayan kowane printf kafin ka ɗora wa wani layi laifi.